Gaisuwar Mutuwa a Gidan Rayayyu

Akwai ranar da har gobe ban manta da ita ba a aikin nan, ranar da muka tashi daga Tarauni da niyyar kai gaisuwar mutuwa wani ƙauye ta wajen Rano, muka dawo mota cike da dariya. Tun da Rabaran ya ce in yi muku magana, ku sababbin 'yan sa-kai, kafin ku fara fita titi, na ga gara in ba ku labarin nan maimakon in tsaya ina jero muku ƙa'idoji. Ai ƙa'idojin ma suna cikinsa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu, yara kuwa Anti Rifkatu suke ce mini. A lokacin ni jami'ar fita ce, wato ba a ofis nake zama ba, ni ce ke bin yaran inda suke kwana da inda suke nema. Cibiyar tamu ba ta kai haka girma ba. Ɗan gidan haya ne a bakin Daurawa, wanda ikilisiyoyi suka haɗa kuɗin baikon coci suka kama. Rabaran Yohanna ne shugaba, kamar yau. Daga shi sai Mama mai kula da gida da girki, sai mu jami'an fita, sannan 'yan sa-kai masu zuwa in sun sami sarari. Cikin 'yan sa-kan nan akwai Musulmi da dama, galibi ɗalibai da ma'aikatan jinya daga asibitin koyarwa, tunda kusa muke da shi.

Aikin jami'in fita da sassafe yake farawa. Mukan ɗauki bokitin koko da ƙosai da akwatin magani, mu hau Adaidaita Sahu zuwa ƙarƙashin gadar Gyadi-Gyadi, daga nan mu zaga bayan kasuwa da wuraren zuba shara. Yaran da muke tararwa iri-iri ne. Akwai 'yan gwangwan, masu tsintar ƙarfe da roba a bola su kai wa masu sikeli. Akwai masu goge gilashin mota a danja, akwai masu dako. Wani maraya ne, wani dukan gida ne ya koro shi, wani kuwa motar kaya ya hau don ya ga birni, ya rasa hanyar komawa. Kwali ne katifarsu. In damina ta sauka, a tsaye suke kwana jikin shaguna. Abin da suka samu da rana, manyan cikinsu su ƙwace da yamma. In aka yi sata a unguwa su ake fara kamawa, ko da barci suke yi lokacin da aka yi ta. Wasu kuma sholisho suke shaƙa, ba don daɗi ba, don yunwa ta ƙyale su.

Farkon zuwanmu unguwar mun sha kallo. Wasu suka ce satar yara muke yi, wasu suka ce addini muke canja musu. Rabaran bai yi fushi ba, ya ce in da 'ya'yansa ne baƙi suke ciyarwa, shi ma sai ya tambaya. Ya tafi wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu Kirista ne, ba ma ɓoyewa, kuma saboda Almasihu muke aikin nan. Amma ba za mu sayi addinin ɗan kowa da kwanon shinkafa ba. Ka ba mu mutum naka ya riƙa shiga yana fita, ya ga abin da muke yi." Mai unguwa ya ba mu Malam Garba, wani dattijo da ya gama tuƙin motar haya ya zauna gida. Tun daga nan aka kafa tsarin da za ku tarar: yaro ba ya kwana a cibiya sai mai unguwa da jami'ar walwala ta ƙaramar hukuma sun sani, ba a canja wa yaro suna, ranar Juma'a kuma Malam Garba ne ke tasa su gaba zuwa masallaci. Da farko don sa ido yake zuwa. Daga baya ya zama in bai zo ba mu muke aikawa mu ji ko lafiya.

To, a cikin yaran ƙarƙashin gada akwai wani da 'yan'uwansa suke kira Shiru. Ba zai wuce shekara goma sha biyu zuwa sha uku ba, siriri ne, mai manyan idanu. Ba kurma ba ne, don yana jin magana, yana kuma cewa "na gode" in an miƙa masa koko. Bayan wannan ba ka ƙara jin bakinsa. Ba ya shaƙar komai, ba ya faɗa, ba ya dariya. In ya samu abinci, ƙananan cikinsu yake fara ba wa. Na yi wata da watanni ina tambayarsa sunansa da garinsu, sai dai ya sunkuyar da kai ya ɗauki buhunsa ya wuce.

Wata safiya cikin damina muka je ban gan shi a layin koko ba. Yaran suka nuna mini bayan wani shago. Na tarar da shi kwance, jiki zafi rau, ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta yi suntum, an ɗaure ta da tsumma da leda. Ashe ƙarfe ne ya soke shi a bola tun da daɗewa, ya riƙa ɓoye mana, yana zuwa layi da ƙafar a bayan ɗaya. Ranar ina tare da Sista Bilkisu, ma'aikaciyar jinya da ke taimaka mana in ba ta da aikin safe. Tana kwance tsumman ta dube ni ta ce, "Anti, wannan ya fi ƙarfin akwatinmu. Asibiti, yanzu-yanzu."

Aka karɓe shi, aka ba shi gado, aka sa masa ruwa da allurai. Na sanar da Rabaran, shi kuma ya sanar da mai unguwa da jami'ar walwala, kamar yadda tsari ya ce. Da aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya kira mu ya ce ciwon ya taɓa ƙashi. Za a bar allurai su kwantar da zazzaɓin tukuna, sannan a yi aiki a kankare wurin. In an yi sa'a ƙafa ta tsira, in ba a yi ba sai an yanke. Ya ce yana son iyaye ko wani ɗan'uwa ya sa hannu. In an rasa, jami'ar walwala za ta iya sa wa, amma aikin ba shi ne ƙarshe ba. Yaron zai daɗe yana jinya, kuma wanda aka yi wa irin wannan aikin ba ya komawa kwana kan kwali.

Da la'asar na zauna bakin gadonsa, Sista Bilkisu tana tsaye tana gyara masa ruwa. Ban ɓoye masa komai ba. Ku riƙe wannan, yaran titi sun fi kowa gane ƙarya, ita suka fi sha. Na gaya masa abin da likita ya ce, na ce, "Ka taimake ni da sunan garinku. Kana da uwa?"

Ya daɗe yana kallon silin. Can ya ce, "Gara a yanke ƙafar da Inna ta gan ni."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Na ce, "Me ka yi wa Inna?"

Ya ce, "Anti, ni na kashe ƙanena."

Sista Bilkisu ta bar abin da take yi ta zauna. Ba wanda ya katse shi. Ya ce sunansa Nafi'u, babansa Malam Sale mai amalanken shanu. "Baba ya aike ni kai taki gona, ya ce kada in ɗauki ƙanena Habu. Habu ya yi ta kuka, na ɗora shi a gefena. Da muka zo gangaren rafi na ce bari in nuna masa gudu, na tsula wa shanun bulala. Ƙafar amalanke ta faɗa rami, Habu ya wuntsila, kansa ya bugi dutse. Na ɗaga shi, jini ko'ina, ba ya motsi. Matan da ke wanki suka taso suna salati. Na ji wata tana cewa ya mutu, ya kashe shi. Sai na yanki gona da gudu. Da na kai titi na maƙale a bayan motar hatsi, ita ta kawo ni Kano."

Kusan shekara biyu ke nan yaron nan yana ɗauke da wannan shi kaɗai. Sai a lokacin na gane abin da ya sa yake ba ƙananan yara abincinsa.

Sista Bilkisu ta riƙe hannunsa ta ce, "Nafi'u, kuskure daban, ganganci daban. Allah ya san ba ka yi niyya ba, kuma Shi mai gafara ne." Ni kuwa na ce masa uwa tana iya jure rashin ɗa ɗaya, amma ita biyu ta rasa rana guda, kuma ɗayan muna iya mayar mata. Da ƙyar ya faɗi sunan ƙauyen. Sannan ya kafa mini sharaɗi. "Ki ce mata ta yafe mini. Kada ki faɗi inda nake sai ta ce ta yafe." Na ce, "Ba zan yi wa Innarka ƙarya ba, amma na yi maka alkawari da saƙonka zan fara."

Da na kai wa Rabaran rahoto, na ce gobe zan kama hanya. Ya ce, "Ba ke kaɗai ba. Mace baƙuwa, Kirista, ta sauka a ƙauye ta ce ɗansu yana hannunmu? Malam Garba zai yi gaba, ke ki bi bayansa. Kuma gidan da aka yi rashi za ku, ko da an daɗe. Ku tafi kamar masu gaisuwa." Ya yi mana addu'a. Mama ta haɗa mana goro da sukari da sabulu a leda, na nemi babban mayafi na yafa.

Da safe muka hau mota a tashar Unguwa Uku. A hanya Malam Garba yana ta koya mini yadda zan yi. "Kada ki yi gaggawa, Rifkatu. Ki gaishe ta, ki yi mata ya haƙuri, ki bar ta ta amsa, sannan ki shigo da maganar babban ɗan a hankali." Na yi ta maimaitawa a zuciyata. Muka sauka a bakin titi, 'yan acaɓa suka ƙarasa da mu. Muka fara biyawa ta gidan mai gari muka gabatar da kanmu, ya haɗa mu da wanda ya raka mu ƙofar gidan Malam Sale. Ga amalanken nan jingine a gindin darbejiya. Maigidan yana gona, aka aika a kira shi. Malam Garba ya zauna a zaure, ni na yi sallama na shiga ciki.

Na tarar da wata mata tana sheƙar gero a tsakar gida, da wata tsohuwa zaune kan tabarma tana gyaran zogale. Matar ita ce Inna Talatu, mahaifiyar Nafi'u, tsohuwar kuma kakarsa ce. Idanun nan nasa manya, a fuskar uwar na gan su. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Muka gaisa, na ajiye ledar goro a gabanta. Duk abin da Malam Garba ya koya mini na bi, sai dai garin rawar baki na haɗa magana biyu wuri ɗaya. Na ce, "Inna, daga Kano muke, a kan maganar Nafi'u. Ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan yaro."

Faifan ya suɓuce daga hannunta, gero ya watse. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nafi'u ya mutu?" Sai ta zube ƙasa tana kuka. Kafin in buɗe baki maƙwabta sun fara shigowa ta ƙofar baya, kowa da salatinta.

Na miƙe tsaye ina ɗaga hannu. "A'a, Inna! A'a! Nafi'u yana nan da ransa, jiya ma muna tare! Habu nake nufi!"

Kukan ya tsaya cak. Ta ɗago ta ce, "Wane Habun?"

Na ce, "Ƙaninsa. Wanda ya faɗo daga amalanke."

Matan suka kalli juna. Sai tsohuwar nan ta ajiye zogalenta, ta ɗaga kai sama wajen bishiyar goba da ke bayan ɗaki, ta ce, "Kai, mijin banza, sauko a yi maka ta'aziyya!" Reshe ya motsa, wani yaro ɗan shekara bakwai ya diro, baki cike da ɗanyar goba, ga wani dogon tabo daga goshinsa zuwa saman kunne. Tsohuwa ta ce, "Baiwar Allah, ga mamacin naki nan. Tun safe nake fama da shi ya kai wa awaki dusa."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Na gode Ubangiji, na gode Yesu," da ƙarfi, a tsakar gidan mutane, ba wanda ya ko kula, don kowa nasa yake yi. Masu kabbara na yi, wata ta rangaɗa guɗa, Inna Talatu ta riƙe mayafina da hannu biyu tana cewa, "Ki rantse yana da rai. Ki rantse." Ashe a zaure ma irin ta ake yi. Malam Sale ya iso daga gona, Malam Garba ya tare shi da "Allah ya jiƙan rai," ga kuma kuka yana tashi daga cikin gida. Mutumin ya shigo a guje da fartanya a kafaɗa, ya tarar ana dariya da hawaye.

Da ƙura ta lafa suka ba mu nasu labarin. Suma Habu ya yi. A asibitin Rano ya farfaɗo, aka ɗinke masa kai, kuma da buɗe idonsa yayansa ya fara tambaya. Sun nemi Nafi'u a duk ƙauyukan kewaye, sun ba da cigiya a rediyo, Malam Sale ya zo Kano ya yi ta yawo a tashoshi har guzurinsa ya ƙare. Mutane suka ce a haƙura, Inna Talatu ta ƙi yarda a ba da ko rigarsa ɗaya. Na cika alkawarina, na isar da saƙon neman gafara. Ta ce, "Yafe me? Ni ya kamata ya yafe wa, da na bar shi ya yi tsammanin akwai laifin da zai sa in ƙi ganinsa."

Sannan na gaya musu maganar ƙafa, da kuma ko mu su wane ne. Nan fuskar Malam Sale ta canja. Ya dubi Malam Garba ya ce, "Malam, wato duk zaman nan ɗana a hannun 'yan coci yake?" Malam Garba bai yi gardama ba. Ya ce, "Zaman nan a hannun titi ya yi shi, Malam Sale. Su koko suke kai masa da safe, su suka ɗauke shi zuwa asibiti. Ni ma da irin tunaninka na fara zuwa wurinsu. Ba zan ce ka yarda da bakina ba, ka zo ka gani da idonka." Malam Sale ya ce, "Zan gani." Ban ji haushinsa ba. Uba ne.

Ranar muka juyo tare da su, uwa da uba da Habu, da kaza guda a ɗaure da ƙullin gero, don kakar ta ce ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Habu bai taɓa zuwa Kano ba. Tun daga hanya yake tambaya, kowane dogon gini ya gani sai ya ce ko nan Yaya yake. Malam Garba kuwa duk fasinjan da ya shigo sai ya ba shi labarin yadda muka yi wa mai rai ta'aziyya, yana ɗora mini laifin duka, ni kuma ina tuna masa nasa na zaure. Har direba sai da ya rage gudu don dariya.

A ƙofar ɗakin marasa lafiya Sista Bilkisu ta tsayar da mu. Ta ce yaron ba shi da ƙarfi, kada a firgita shi, in fara shiga ni kaɗai in shirya shi. Na shiga na zauna. Yana ganina ya yunƙura, ya kasa tambaya. Na ce, "Na isar da saƙonka. Inna ta ce babu abin yafewa. Kuma akwai wata magana, ina so ka natsu ka ji." Iyakar abin da na samu na faɗa ke nan. Habu ya sulale ta ƙarƙashin hannun Sista, ya shigo yana leƙa gadaje ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a namu ya ce, "Yaya! Ashe nan ka ɓuya?"

Nafi'u ya ƙwalla ƙara ya ja zanen gado ya rufe kansa, yana ta a'uzubillahi. Shi a ganinsa fatalwa ce. Habu ko a jikinsa, ya haye gadon ya kama zanen yana ja. "Buɗe mana! Ni ne! Ka ga ɗinkin da aka yi mini, duk garinmu ba mai irinsa." A hankali hannu ya fito daga ƙarƙashin zane, ya shafa fuskar yaron, ya bi tabon nan da yatsa tun daga goshi har kunne. Sai ya yaye zanen ya rungume shi, ya fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin ɗan'adam ya yi ba. Inna Talatu ta shigo ta haɗa su biyun ta rungume. Malam Sale ya tsaya daga ƙafar gado, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Masu jinya suka taru, wani tsoho da ke gadon kusa, robar ruwa a hannunsa, yana ta kabbara har sai da aka ce ya kwanta. Sista Bilkisu da ta ce kada a firgita mara lafiya, ita ta fi kowa kuka.

Malam Sale ya dangwala yatsa, aka yi aiki, ƙafa ta tsira. Ɗan ɗingishi ya rage masa, wanda sai ka lura za ka gani. Da aka sallame shi, likita ya ce a zauna kusa saboda wankin ciwo, don haka da sanin mai unguwa aka ba shi da Innarsa ɗaki a cibiya. Ita da Mama suka zama kamar 'yan gida ɗaya, kullum suna musu a kan wa ya fi iya miyar kuka. Malam Sale yana zuwa yana komawa, kuma ba ya sanarwa in zai zo. Wata rana ya iso ana azahar, ya tarar Mama ta shimfiɗa wa matarsa da ɗansa tabarmar salla a inuwa, tana korar yara kada su gifta ta gabansu. Da zai tafi ya kama hannun Rabaran ya ce, "Na ce zan gani, na kuwa gani. Allah ya saka da alheri." Rabaran ya ce, "Amin. Allah ya raya mana su."

Wata safiya Inna Talatu ta ce sai ta bi ni fita, tana son ganin inda ɗanta ya kwana. Na so in hana ta, ta ƙi. Muka je ƙarƙashin gada, yara suka nuna mata wurin. Ta daɗe tana kallon kwalayen nan. Sannan ta karɓi ludayi daga hannuna, ita ta raba koko ranar, kowane yaro ta zuba masa sai ta tambaye shi, "Kai kuma ɗan wa ne? Ina uwarka?" Abin da na yi watanni ina lallashi ban samu ba, wasu ranar suka faɗa mata.

Kafin su koma gida aka yi ɗan walima a tsakar cibiya. Zumuntar matan coci suka dafa shinkafa, Inna Talatu ta dama fura, 'yan Adaidaita Sahun da ke ɗaukarmu suka kwaso yaran gada kyauta. Limamin unguwa ya yi addu'a, Rabaran ya yi, kowa ya ce amin a ta kowa. Nafi'u yana zaune da sandarsa a tsakiyar abokansa, yana ba su labarin shanun babansa, baki bai tsaya ba har aka tashi. Yanzu yana can gida, yana makaranta, yana kuma koyon walda a Rano. Duk Babbar Salla sai naman layya ya iso mana daga ƙauyen nan, mu kuma in Kirsimeti ta zo Mama ta aika musu da cincin.

Kada ku ɗauka kowace tafiya haka take ƙarewa. Cikin yaran da suka faɗi garinsu bayan wannan, akwai wanda muka je muka tarar da gaske ba kowa, akwai wanda muka tarar gidan ya fi titi haɗari, muka dawo da shi muka nema masa wata hanya tare da jami'ar walwala. Za ku ga irin wannan, za ku yi kuka, washegari kuma ku fito.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, yaron titi ba yunwa kaɗai ke damunsa ba. Kusan kowane ɗayansu yana da dalilin da ya gaya wa kansa cewa ba shi da hanyar komawa gida, ya riƙe shi gam tun yana ƙarami, ba wanda ya taɓa bincika masa. Wani dalilin gaskiya ne, wani kuwa tsoro ne kawai da maganar da ya tsinta cikin ruɗani. Shi ba zai iya zuwa ya duba ba, ku ne ƙafarsa. Ku yi haƙuri har ya buɗe baki da kansa, kada ku yi masa ƙarya, kada kuma ku tafi ku kaɗai ku bar mutanen unguwa a baya, don yaran nan nasu ne kafin su zama namu. Kuma duk ranar da yaro ya ce muku ba shi da kowa a duniya, ku saurare shi da kyau, ku share masa hawaye, sannan ku shiga mota ku je ku gani.